Ɗalibai masu gyara shafin ƙwallo da ambaliya na unguwa: ga amsoshinku

Duk shekara idan lokacin aikin kammala karatu ya zo, ɗaliban kwamfuta daga Marwa, Garwa da Ngaundare a arewacin Kamaru sukan ɗauki gyaran shafin intanet na ƙungiyar ƙwallon unguwa ko na kwamitin ambaliya. Tambayoyinsu ba sa canzawa. Ga amsoshin a rubuce, a karanta kafin a sake tambaya.

Malam, me ya haɗa ƙwallo da ambaliya a shafi ɗaya?

Damina. Gasar hutu ta unguwanni a Yuli da Agusta ake buga ta, daidai lokacin da mayo, wato rafin da ke bushewa da rani, ke cika. Lambobin kociyoyi da iyaye da kuka tara don sanar da lokacin wasa su ne za ku nema ranar da ruwa ya taso. Shafin da ake leƙawa kullum don a ga wa ya ci, shi za a tuna a ranar. Na ambaliya zalla ba mai buɗe shi sai ruwa ya kai gwiwa.

Mu rushe tsohon mu gina sabo?

A'a. Ku fara share lambobin da suka mutu da jadawalin shekaru uku da suka wuce.

WordPress, wato shiryayyar manhajar gina shafi, za mu ɗauka ko mu rubuta da hannunmu?

Wanda sakataren ƙungiya zai iya sauya lokacin wasa a cikinsa da wayarsa, ba sai ya kira ku ba. Ku miƙa masa wayar ku tsaya kuna kallo, kada ku ce uffan. Idan minti biyar ya wuce bai gama ba, laifin naku ne.

Shafin yana ɗaukar lokaci kafin ya buɗe, me ya sa?

Hotunanku. Hoto ɗaya daga waya yakan kai megabait 3 zuwa 5, ku kuma kun jera ashirin a fuskar farko. Ku rage faɗin kowanne zuwa fiksel 800, nauyinsa ya dawo ƙasa da kilobait 100, fuskar farko gaba ɗaya kada ta wuce kilobait 500. Ku cire bidiyon da ke kunna kansa. Sannan ku daina gwaji da intanet ɗin makaranta. Ku ari tsohuwar waya mai fasasshen gilashi, ku je bakin fili a bayan gari, ku gwada da layin MTN, ku gwada da na Orange.

Idan muka ji an ce za a saki ruwan madatsar Lagdo, mu sa a shafi nan take?

To, a nan ku nutsu, domin amsar ba e ko a'a ba ce. Ya danganta da bakin da maganar ta fito, da kuma irin ruwan.

Ruwan yankinmu ba hali ɗaya gare shi ba. Mayo Kaliyawo da mayo Tsanaga a Marwa, da safe yara na buga ƙwallo a cikin yashinsu, a yi ruwa a kan duwatsun Mandara, cikin 'yan sa'o'i sun cika baki da baki. Kogin Binuwai a Garwa ya danganta da ruwan sama da kuma buɗe ƙofofin madatsar Lagdo, wadda aka kammala a 1982, kuma mutanen bakin kogi ba su manta da ambaliyar 2012 ba. Kogunan Logon da Shari kuwa a hankali suke hawa, kwana da kwanaki, sukan kai ƙololuwa bayan damina ta ɗauke. Shi ya sa a Oktoban 2022 ruwa ya shiga unguwannin Kuseri da Njamena alhali sama ta fara washewa. Saƙon da ya dace da Kuseri zai iya makara a Marwa.

Saboda haka na mayo, ba na ganin ku jira takardar hukuma. Abin da mutum ya gani da idonsa ya isa, muddin an rubuta shi a matsayin gani: wuri kaza, ƙarfe kaza, ruwa ya rufe mashigi, kada yara su tsallaka. Na Lagdo da na Logon, ku jira sanarwar hukuma, ta gwamna ko ta sous-préfet (jami'in mulkin gunduma) ko ta ofishin magajin gari, ku ɗora hotonta da kwanan wata da sa'a. Na san takarda takan makara, kuma na san za ku ce rai ya fi takarda. Haka ne. Amma ku tuna tsohuwar sanarwa takan dawo WhatsApp duk Agusta an goge kwanan watanta. Idan kuka ta da unguwa sau biyu a banza, aka kwashe tabarmi da awaki aka kwana a makaranta, na uku ba mai motsawa.

Matsakaicin da na fi amincewa da shi, ko da yake ba kowace unguwa zai yi wa daidai ba: ku raba saƙo hawa uku. Ana sauraro, a shirya, a tashi. Na farko sakatare zai iya sa shi. Na biyu sai mutum biyu sun yarda, misali jauro ko lawan, wato mai unguwa ko dagaci, da wani mai aikin sa kai na ƙungiyar agaji ta Croix-Rouge. Na uku na hukuma ne kaɗai, ɗalibi ba ya cewa a tashi. Kowane saƙo ya ɗauki sa'ar da zai mutu, kamar bayan awa 12, shafin ya sauke shi da kansa.

Kuma kada ku ruɗi kanku, ranar da wuta ta ɗauke, sabis ya yi ƙasa, shafin ba zai ta da kowa ba. Lasifikar masallaci, gidan rediyo da yaro mai babur ne za su yi. Aikin shafin shi ne wanda zai riƙe lasifikar ya sami magana guda tabbatacciya.

Me ya sa saƙon tes ɗinmu ke rabuwa kashi uku?

Saƙo ɗaya haruffa 160 ne, amma da kun sa ƙ ko ɗ ko ɓ guda ɗaya sai ya koma 70. A tes ku rubuta k, d, b. A shafi ku mayar musu da lanƙwasarsu. Ga waɗanda ba sa karatu, saƙon murya na daƙiƙa 30 da Hausa da Fulatanci, a Kuseri a ƙara Larabcin Shuwa.

Za mu iya sa hotunan yara da sunayensu?

Hoton ƙungiya gaba ɗaya, da izinin iyaye. Takardar haihuwa da kuka karɓa don tantance 'yan ƙasa da shekara 15 ta zauna a jakar koci. Na ga ana ɗora ta wai don a kashe gardamar shekaru. Haba!

Masu duba aikin ba za su ce shafin bai da ado ba?

Ku kwantar da hankalinku. Ku nuna musu daƙiƙa nawa yake buɗewa kafin gyara da bayan gyara, da taswirar tudun da za a gudu, da lambar 118 ta 'yan kwana-kwana a saman fuskar farko.

Idan mun gama karatu fa?

Da wannan ya kamata ku fara. Sunan shafi, wato adireshinsa na intanet, duk shekara ake sabunta shi, kuma yawanci da imel ɗin ɗalibi ɗaya aka yi rajista. Ya tafi Yawunde neman aiki, ya canza layi, shafi ya mutu a watan Yuni. Ku buɗe imel na ƙungiya, kalmar sirri ta kasance wajen mutum biyu mazauna unguwa, ku rubuta ranar biya a littafin ma'aji. Kuɗin kuma a ware shi daga na rajistar gasa tun kafin a sayi kofin gasar.