Agogon zamani: ya cancanci kuɗinsa a Damagaram?

Daga Kasuwar Dole zuwa shagunan masu sayar da salula a Zango da Sabon Gari, yanzu da wuya ka ga tebur babu agogon nan mai fuskar gilashi, wanda ake shafawa da yatsa kamar salula. Samari a fada suna ɗaurawa, ma'aikata suna ɗaurawa, har cikin kayan lefe ya fara leƙowa. Ga tambayoyin da mutane suka fi yi kafin su zaro kuɗi, da abin da nake gani a kan kowace.

Wai me yake yi wanda agogon da muka sani ba ya yi?

Ɗan aiken salularka ne. Yana haɗuwa da ita ta Bluetooth, in kira ko saƙo ya shigo sai ya motsa a hannunka ya nuna maka. Yana ƙirga taku, yana auna bugun zuciya, yana kimanta barcinka, yana tashinka da asuba ba tare da ƙarar da za ta tashi mutanen ɗaki ba. Wasu suna da lasifika da makirufo, kana iya amsa kira da su. Amma Bluetooth ba ya wuce kamar mita 10, kuma katanga tana rage shi. In ka bar salula a gida ka tafi masallaci, yawancin agogunan sun koma nuna lokaci da ƙirga taku kawai har sai ka dawo.

Zai yi aiki da kowace salula?

A'a, kuma nan ne mutane suka fi yin asara. Apple Watch, wanda ya fito a 2015, ba ya tashi sai da iPhone. Wanda ke riƙe da Tecno ko Infinix ko itel, ko kyauta ɗan'uwa ya aiko masa da shi daga Faransa, ba zai iya ko buɗe shi ba. Agogunan Samsung daga Galaxy Watch 4 na 2021 zuwa sama su kuma ba sa aiki da iPhone. Yawancin na Xiaomi da Amazfit da Huawei da Oraimo suna karɓar ɓangarorin biyu, sai dai kowanne da manhajarsa da za ka sauke. Mai ƙaramar salula ta maɓalli kuwa, wannan kasuwa ba tasa ba ce tukuna.

Zan iya karanta WhatsApp ɗina a kai, in bar salula a aljihu?

Tambayi kanka tukuna: cikin saƙonnin da suka shigo maka jiya, nawa ne rubutu, nawa ne murya? Mu nan da murya muke magana. Inna ta aiko da gaisuwa, abokin ciniki a Kano ya aiko da farashi, ƴan gurup sun aiko da sanarwar ɗaurin aure, duk murya ce. Agogo mai araha zai girgiza ya nuna maka cewa wane ya aiko da saƙon murya, shi ke nan. Ba zai kunna ba. Dole ka zaro salular da ka sayi agogon don ka daina zarowa. Sai manyan agogunan da ake sa wa WhatsApp a cikinsu ne suke kunna murya, kuma su ne masu tsada. A ganina wannan kaɗai ya cinye rabin amfanin da ake tallatawa, domin tallar an yi ta ne ga mutanen da ke wuni suna karanta rubutattun saƙonni.

Akwai kuma maganar sirri. Kana zaune a fada ana zuba shayi, ka miƙa hannu ka karɓi kofi, sai sunan mai aiko da saƙo da layin farko su haska a wuyan hannunka, na kusa da kai ya riga ka karantawa. Ana iya kashe wannan a cikin manhaja, a bar girgizar kawai, amma ba kowa ke tunawa ba sai ya ji kunya sau ɗaya.

Caji fa? Da yanayin kuran ɗinmu zai yiwu?

Ya danganta da irin da ka saya, kuma tazarar tana da girma. Har zuwa samfurin 2024, kamfanin Apple ya ce agogonsa na yau da kullum yana kai awa 18 ne, wato kusan kullum sai ka sa shi caji. Na Samsung kwana ɗaya zuwa biyu. Siraran nan na Xiaomi masu kama da awarwaro, da Huawei Watch GT, da wasu na Amazfit, suna kai mako ɗaya zuwa biyu. A garin da kuran ke ɗaukewa a lokacin zafi, kuma mutane da dama suke kai salula wurin mai caji, na mako biyun ya fi na kullum hankali, ko da bai kai shi ƙyalli ba.

Cajarsa ma abin dubawa ce. Ba irin ta salula ba ce da za ka ara a wurin maƙwabci. Yawanci ɗan faifai ne mai maganaɗisu ko waya mai ƙafa biyu, kowane kamfani da nasa. In ta ɓace ko yaro ya tsinka ta, agogon ya kwanta har sai an samo irinta.

Sai zafi. Batirin da ke ciki ba ya shiri da rana. Apple ya ce agogonsa ya fi yin aiki daidai tsakanin digiri 0 zuwa 35, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu zafin Damagaram yana haura 40. Ba zai mutu rana ɗaya ba, amma batirin zai tsufa da wuri, musamman in ana barinsa a gaban mota ko ana cajinsa a ɗakin kwano da rana tsaka.

Baba yana da hawan jini, Hajiya kuma ciwon sukari. In saya musu don su riƙa aunawa?

Kada ka saya don wannan. Bari in tsaya a nan kaɗan, domin sauran tambayoyin na kuɗi ne, wannan ta rai ce.

Juya agogon ka duba bayansa, za ka ga ɗan koren haske yana ƙyaftawa. Jini yana shanye koren haske. Duk bugun da zuciya ta yi, jini yana ƙaruwa a jijiyoyin wuyan hannu, hasken da ke dawowa ya ragu, agogon ya ƙirga sau nawa hakan ya faru a minti ɗaya. Wannan ita ce dabarar, kuma ga bugun zuciya tana aiki sosai a agogo na ƙwarai, musamman in mutum yana zaune. In ana gudu, ko maɗaurin ya yi sako-sako, ko gumi ya yi yawa, lissafin yana kaucewa.

Awon tansiyo, wato hawan jini, wani abu ne daban. Abin da ake ɗaura maka a dantse a asibiti yana matse jijiya da iska ne, sannan ya auna ƙarfin da jini ke turowa. Koren haske ba ya matse komai. Shi ya sa agogon Samsung mai wannan awon yake buƙatar a daidaita shi da na'urar dantse duk mako huɗu, kuma an yi shi ne don ya tafi da salular Samsung. Huawei Watch D kuwa ƴar jakar iska aka sa a cikin maɗaurinsa don ta matse hannu. Waɗannan masu tsada ne. Shi kuwa na kan tebur da ke nuna maka 120 bisa 80 cikin daƙiƙa kaɗan, ƙirƙirar lamba yake yi. Haɗarin a fili yake: dattijo ya duba hannunsa ya ga lamba mai kyau, ya ce ya warke, ya ajiye maganinsa, alhali jinin yana can sama.

Na sukari ya fi muni. A watan Fabrairun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a kada su yi amfani da agogo ko zobe da ke iƙirarin auna sukari ba tare da huda fata ba, ta ce ba ta amince da ko ɗaya ba. Duk kwalin da ka ga an zana ɗigon jini an ce yana awon sukari, ajiye shi. Mai shan magani ko yin allura bisa lambar ƙarya yana iya faɗuwa.

In kana son kyautata wa Baba, je farmasi ka sayo masa na'urar awon tansiyo ta dantse, ka kai wa ma'aikacin lafiya ya nuna muku yadda ake ɗaurawa. Hajiya kuma na'urar da ake tsira yatsa. Abin da manyan agogunan suke yi da gaske, kamar hoton bugun zuciya da Apple ya fara sakawa a 2018, shi ne su ankarar da mutum cewa bugun ya rikice, ya je ya ga likita. Iyakarsu ke nan.

Ƙirgar taku fa, gaskiya ce?

Kusa da gaskiya. Motsin hannu yake ji, ba ƙafa ba. Hau kabu-kabu a kan hanya mai gargada, ka sauka ka tarar an ba ka taku ɗaruruwa kana zaune. Mace mai daka ko wanki za ta cika lissafin yini ba ta bar tsakar gida ba. Taku 10,000 ɗin da agogon ke matsa maka ka cika ma ba daga asibiti ya samo asali ba, daga tallar wata na'urar ƙirga taku ne a Japan a shekarun 1960. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya take ba da shawara shi ne aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako ga babba.

Duk da haka nan ne nake ganin amfaninsa na zahiri. Manomi da mai tura kurar ruwa ba sa buƙatar a gaya musu sun motsa. Amma ma'aikacin ofis ko mai shago da ke fita a mota, ya wuni a kujera, ya dawo a mota, in ya ga da magariba takunsa bai kai 2,000 ba, lambar takan sa shi ya taka zuwa masallaci mai nisa maimakon na ƙofar gida.

Alwala da ƙura ba za su lalata shi ba?

Duba kwalin. In an rubuta IP67 ko IP68, lamba 6 ɗin tana nufin ƙura ba ta shiga, abin da ke da muhimmanci a lokacin hunturu. Lamba 7 tana nufin zai jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita 1 na minti 30. Ruwan alwala ba zai yi masa komai ba, in dai rubutun gaskiya ne. Ruwan zafi da sabulu kuwa suna cinye robar da ke toshe kafofinsa, don haka cire shi kafin wanka.

Amma tunda ana so ruwa ya game hannu har gwiwa, kuma agogon yana son a ɗaure shi tam don ya ji bugu, za ka riƙa sassautawa ko cirewa sau da yawa a yini. Ka kuma goge ƙasansa ya bushe, domin gumi da ruwa a ƙarƙashin maɗaurin roba suna kawo ƙuraje. Ta wani ɓangaren, in ka sa manhajar lokutan salla a salula, zai riƙa taɓa ka a hannu in lokaci ya yi, abin da ke da daɗi ga matafiyi.

Ana biyan kuɗi da shi, ko a sa masa layi?

Biyan kuɗi da taɓa agogo da kake gani a bidiyo yana buƙatar katin banki da na'urar shago masu karɓar tsarin. Cinikinmu da tsabar kuɗi ne da turawa ta Nita ko Amana ko Airtel Money, kuma wannan a salula ake yi. Manyan agogunan da ke kira ba tare da salula ba kuwa layin da ke cikinsu sai kamfanin sadarwa ya kunna shi, don haka kada ka ƙara kuɗi a kan wannan sai kamfanin layinka ya tabbatar maka.

To wa ya kamata ya saya?

Wanda zai iya faɗin aiki ɗaya da zai yi da shi kullum. Ɗan kabu-kabu da ke son ganin mai kira ba tare da laluben aljihu ba, sai ya tsaya a gefe ya amsa. Malamin makaranta ko ma'aikaciyar asibiti da ba sa riƙe salula a bakin aiki. Mai motsa jiki da safe. Wanda likita ya ce ya rage ƙiba. Ga waɗannan, matsakaici daga kamfanin da aka sani, mai batirin mako guda ko fiye, ya isa. In kuwa ado kake so, faɗi gaskiya ado ne, babu laifi, sai dai ka sani agogon ƙarfe na gargajiya zai yi shekaru yana tafiya da babbar riga, wannan kuwa bayan ƴan shekaru batirinsa zai gaji, kuma ba kowane mai gyaran salula ne ke buɗe shi ba.

Yaya zan gane jabu a shago?

Farashi ne shaida ta farko. Sabon Apple Watch na yau da kullum yana farawa daga dalar Amurka 399 a can, wato ya haura jika 200 na sefa kafin a yi maganar kuɗin kawowa. In an miƙo maka mai kamarsa a kan jika 10, an rubuta Ultra a kwali, har da maɗauri kala-kala kyauta, kamar ce kawai. Araha ba ta ado. Na gaske ba ya neman a sauke wata manhaja mai baƙon suna, iPhone da kanta take gane shi.

Kafin ka biya, sa mai shago ya haɗa shi da salularka a gabanka, ka sa wani ya kira ka. Karanta abin da manhajar ke neman izini a kai. In ta nemi hotunanka da abin da bai shafi aikinta ba, hana ta. Sannan gwada awon: ɗaura shi, sa yatsu biyu a wuyan ɗaya hannun ka ƙirga bugunka na minti ɗaya, ka gwada da abin da ya nuna. Daga nan fita ka yi sauri zuwa ƙarshen layin shagunan ka dawo, ka sake aunawa. Na ƙwarai zai hau sosai, ya riƙa sauka a hankali kana hutawa. In ya tsaya yana yawo tsakanin 70 da 80 kana haki, mayar masa da kayansa.