Ƙananan kayan ɗauri da kwance na masu ɗaukar hoto

Ƙananan kayan ɗauri da kwance su ne 'yan kayan hannu da ƙwararren mai ɗaukar hoto ke riƙewa a jakarsa domin ƙara ƙarfin sukurun da ya saki, ko kwance abin da ya cije a jikin kyamara, lens ko ƙafar da ake girka kyamara a kai. Mafi yawansu ƙanana ne. Amfaninsu duka ya rataya ne a kan abu guda: bakin kayan ya dace da kan sukurun daidai wa daida.

Sukurun da ke haɗa kyamara da ƙafarta ya kusa zama iri ɗaya a duk duniya. Kaurinsa rubu'in inci ne, da zare 20 a kowane inci, shi ya sa ake rubuta shi 1/4-20. Akwai babbansa, 3/8-16, wanda ke riƙe kan ƙafar da kuma manyan kyamarorin bidiyo. Ƙa'idar ISO 1222 ce ta tsara wannan haɗi. Sau da yawa ana yi wa gindin sukurun tsaga mai faɗi don a iya murɗa shi da tsabar kuɗi idan babu sukudireba a kusa.

Alanki, ƙarfen nan mai kusurwa shida da aka lanƙwasa, shi ne aka fi cirowa a wurin aiki. Sunansa ya samo asali daga William G. Allen, wanda ya yi rajistar hanyar ƙera sukuru mai ramin kusurwa shida a 1910, kamfaninsa kuma yana Hartford a Amurka. Da shi ake ɗaure faranti irin na kamfanin Arca-Swiss, wanda ke maƙala kyamara a kan ƙafarta, a ƙarƙashin kyamara, ake kuma matse gaɓoɓin ƙafa idan sun fara lilo. Nan akwai tarko: wasu kamfanoni suna aiki da awon milimita, wasu da na inci. Alankin da ya ɗan gaza ramin zai shiga, har ya yi kamar ya kama, amma da an matsa sai ya goge kusurwoyin, sukurun ya zauna daram ba shiga ba fita.

Haka lamarin sukudireba yake, har ma ya fi muni. Kyamarorin Japan irin su Canon da Nikon an daɗe ana haɗa su da sukuru mai kan gicciye na JIS, wato ƙa'idar masana'antu ta Japan. A ido yana kama da na Phillips, wato sukuru mai kan gicciye da aka saba gani, amma ramin ya bambanta, don haka sukudireban Phillips ba ya zama sosai a ciki, yana zamewa yana cinye kan. Masu gyara sun fi son sukudireban JIS, irin wanda kamfanin Vessel na Osaka ke yi.

Filta kuwa, wato gilashin tace haske da ake murɗawa a bakin lens, idan ta cije, matse ta da yatsu biyu yana ɗan lanƙwasa zoben ne, sai ta ƙara kamawa. Makullin filta, wani zoben roba mai hannu, yana rarraba matsin a kewayen gaba ɗaya. Zoben alminiyam ya fi na tagulla saurin cijewa.

Sai 'yar robar hura iska da ake matsawa da hannu. A lokacin hunturu, a Kano ko Damagaram, ƙura na shiga kyamara duk sanda aka sauya lens. Ana kifa bakin kyamarar ƙasa a hura, ba tare da bakin robar ya taɓa sensa ba, wato ɓangaren da ke ɗaukar hoton a cikin kyamara. Iskar gwangwani ba ta dace da wannan aiki ba, domin tana iya fesa ruwa.

Akwai iyakar da bai kamata mai hoto ya ƙetare ba. Sifanar lens mai tsini biyu, wadda ake kwance zobban da ke riƙe gilashi da ita, ta masu gyara ce, don zamewa ɗaya kan bar tabo a gilashi har abada. Ƙarƙashin zoben da lens ke ɗaurewa ma akan sami siraran ƙarafa da ke daidaita tazarar lens da sensa, milimita 44 a Canon EF, 46.5 a Nikon F. Ɓacewar ɗaya na iya hana hoto fitowa tar. Buɗe filas, wato fitilar kyamara mai walƙiya, ya fi duka haɗari, domin yana riƙe wutar lantarki mai ƙarfin kimanin volt 300 ko bayan an cire batir.