Mene ne jig a aikin huda ƙarfe?

Duk wanda ya taɓa huda ƙarfe ya san halin bakin diril. Ka auna, ka ja layi, ka buga alama, amma injin na fara juyawa sai bakin ya ɗan zame gefe. In rami ɗaya ne, da sauƙi. In kuwa ramuka shida ne da dole su yi daidai da na wani ƙarfen, ranar ɗauri sai ƙusa ta biyar ta ce ba ta san zancen ba, a koma faɗaɗa rami da magagari.

Maganin wannan shi ne jig. Faifan ƙarfe ne, wani lokaci akwati, da aka riga aka yi wa ramuka a ainihin wuraren da ake so. A cikin kowane rami akwai bushin, wato ɗan gajeren bututu na ƙarfen da aka ƙona aka taurara. Za a kafa abin da za a huda a ƙarƙashinsa, ya jingina da 'yan turakun da ke tsayar da shi wuri guda, a matse, sannan diril ya bi ta cikin bushin ya sauka. Ba shi da hanyar kaucewa. An yi awo sau ɗaya, ranar da aka ƙera jig ɗin, daga nan ko yaron shago ya huda guda ɗari, duk iri ɗaya za su fito. Abin da kawai ke riƙe aiki ba ya yi wa diril jagora, wannan fiksca ne, kodayake a shago akan haɗa su a suna ɗaya.

Dabarar ta yi ƙarfi ne a ƙarni na 19, a masana'antun bindiga na gwamnatin Amurka irin su Springfield da Harpers Ferry, inda ake son a cire sashen wata bindiga a sa wa wata ya zauna daram. Masu kekunan ɗinki da motoci suka ɗauka daga baya. Yau injinan da kwamfuta ke sarrafawa sun rage wa jig kasuwa a manyan kamfanoni, shi ya sa tsofaffinsa ke ƙarewa cikin tarin ƙarafan gwanjo.

To, in ka ci karo da ɗaya, kada tsatsar jikinsa ta dame ka, kananzir da burushi sun ishe ta. Bushin za ka duba. Zura sabon bakin diril mai girman ramin, ka ɗan girgiza shi. In yana rawa, bushin ya cinye, kuma jig mai cinyayyen bushin ya fi rashinsa illa, don kuskure ɗaya zai riƙa maimaita maka kana ganin daidai kake. Sa'ar dai ana iya fitar da bushin a danna sabo. Turakun ma a duba, kada ɗaya ya lanƙwashe. Wajen aiki kuma a share ɓarɓashin ƙarfe kafin a ɗora na gaba, don ƙwaya ɗaya ta isa ta karkatar da aikin.

Sai batun awo, wanda a nan ne mutane suka fi yin asara. Tsofaffin kayan Amurka da na Ingila da inci aka yi su. Rubu'in inci milimita 6.35 ne, ka ga diril ɗinka mai milimita 6 zai shiga bushin mai rubu'in inci salin alin, amma zai yi ta lilo a ciki.