Wai motar Beljiyam ta fi wadda aka ƙera don ƙasashenmu?

Tun muna yara a Katsina ake cewa motar da aka yi wa Afirka ragowa ce, ta Beljiyam ita ce ta gaske. Ba a rasa dalili ba, don wasu kamfanoni na rage kaya, kamar yawan jakar iskar hatsari, saboda farashi ya sauko.

Amma ba nan maganar ta tsaya ba. Wadda aka yi wa ƙasa mai zafi galibi ana ɗaga ta daga ƙasa, a ƙara mata ƙarfin lagireto da na AC, a saita injin ya jure man da bai kai na Turai tsafta ba, duk mai bin hanyar Daura zuwa Kongolam cikin ƙurar hunturu ya san amfanin wannan. Ita kuwa ta Kanada ko arewacin Amurka gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara na cin ƙarƙashinta, fenti na ƙyalli ciki tsatsa.

Kafin ka biya, a hau da ita kan rami bakanike ya haska. Duba lambar chasis a gindin gilashin gaba ta ɓangaren direba, harufa da lambobi 17 ne, J a farko Japan aka ƙera ta, W Jamus, 2 Kanada. Sannan in mita da mil take ƙirga, 100,000 ɗin nan kusan kilomita 160,000 ne fa.

Don Allah a tura wa ƴan uwa masu shirin sayen mota.