Mene ne takun farfela?

A tsakiyar farfelar katako ta tsohon ƙaramin jirgin sama irin Piper J-3 Cub, sau da yawa za ka ga kamfanin Sensenich ya buga lamba kamar 72CK42. Lamba ta farko, 72, tsawon farfelar ce da inci daga wannan baki zuwa wancan. Ta ƙarshe, 42, ita ce taku, wato nisan da farfelar za ta ja jirgin gaba a juyi ɗaya da a ce iska ba ta zamewa.

Iska kuwa tana zamewa. Farfela mai takun inci 42 da ke juyi 2,150 a minti, a lissafin takarda ya kamata ta ci kusan mil 85 a awa, amma Cub a wannan juyin bai cika wuce mil 75 ba. Wannan gibin shi ake kira zamiya. Sannan idan ka kalli reshen farfela da kyau za ka ga a murɗe yake, ya fi karkata kusa da gindi, ya kusa bajewa a baki, domin baki ya fi gindi gudu nesa ba kusa ba. Shi ya sa ake auna taku a wuri ɗaya, yawanci kashi uku cikin huɗu na tsawon reshen.

Waɗannan jirage na shekarun 1940, su Cub da Aeronca Champ da Taylorcraft, farfelarsu ba ta canza taku a sama. Kamar mota ce mai giya ɗaya, wadda ka zaɓa a ƙasa da ita za ka je ka dawo. Ƙaramin taku yana barin inji ya juya da sauri ya ba da duk ƙarfinsa, jirgi ya ɗaga da wuri, ya hau sama ba wahala, amma tafiyarsa ta ragu. Babban taku yana ƙara gudu a miƙaƙƙiyar tafiya, sai dai jirgin zai cinye fili kafin ya tashi. A ganina, wanda injinsa Continental A-65 ne, mai ƙarfin doki 65 kacal, gara ya karkata ga ƙaramin taku. Ƙarin mil uku ko huɗu a awa ba zai amfane shi da komai ba ranar da ake zafi, da fasinja a jirgi, ga bishiyoyi a ƙarshen fili.

Zaɓin ma ba sakaka yake ba. Takardar shaidar kowane samfurin jirgi, wadda FAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, ke fitarwa, ta ƙayyade irin farfelar da aka yarda da ita, da juyin da inji zai yi in an riƙe jirgi a ƙasa aka ba shi wuta har ƙarshe. In juyin ya gaza ƙa'ida, ko dai taku ya yi yawa ko injin ya gaji.

Farfelar alminiyon tana da siraran rassa, ta fi cin iska da kyau, kuma ƙwararrun masu gyara na iya murɗa ta su sauya mata taku. Ta katako ba ta da nauyi, tana shanye girgiza, amma yadda aka sassaƙa ta haka za ta ƙare. Kuma tana son kulawa. Katako yana kumbura da laima, yana motsewa in ya bushe, saboda haka ƙusoshi shida da ke riƙe da ita suna sassautawa da kansu. In suka saki, farfelar za ta riƙa goga a mazauninta har wurin ya yi baƙi kamar an ƙona shi, daga nan ƙusoshin su fara karyewa. In aka matse fiye da kima kuma, katakon ya murƙushe. Don haka ake sake auna ɗaurin da sifana mai awo bayan tashin farko, sannan duk awa 50, da duk lokacin da yanayi ya juya. Idan an ajiye jirgi, a bar ta a kwance, kada laima ta taru a reshe ɗaya ya fi ɗan'uwansa nauyi.

Ta ƙarfe kuwa tsakuwa ce matsalarta. Ɗan ƙaramin tabon da tsakuwa ta bari a gefen reshe, wanda da ƙyar farce zai kama, daga nan tsagewa ke farawa har bakin reshen ya ɓalle a sama. Makaniki mai lasisi ne ke goge shi ya daidaita wurin kafin jirgin ya sake tashi.