Kejin roba na macizan bishiya

Kejin roba akwati ne rufaffe da ake kiwon maciji a cikinsa a gida. Ga macizan da ke rayuwa a kan reshe, shi ne ya fi karɓuwa a wurin masu kiwo, domin yana riƙe danshi, ba shi da nauyi, kuma ruwa ba ya lalata shi. Katako yana kumbura ya yi fumfuna, gara ma ba ta barinsa. Gilashi kuwa yana da nauyi, yana fashewa, kuma maciji a cikinsa ba ya samun natsuwa saboda ana hango shi ta kowane ɓangare.

Macizan da ake nufi

Waɗanda aka fi kiwo su ne koriyar mesar bishiya (Morelia viridis), wadda asalinta tsibirin New Guinea ne da gabashin Indunusiya da arewacin Ostareliya, sai kuma wasu macizan bishiya biyu na Kudancin Amurka, Corallus caninus da Corallus hortulanus. Babu mai dafi a cikinsu, amma haƙoransu dogaye ne. Kada a haɗa su da koren macijin nan na dazuzzukan Ghana, Dendroaspis viridis, wanda dafinsa ke kisa. Mesar nan mai dunƙulewa (Python regius), da ake fitarwa waje daga Ghana da Togo da Benin, a ƙasa take yawan zama, don haka kejinta daban ne.

Irin robar

Allon PVC mai kumfa a ciki, irin wanda masu rubuta allon talla a Kumasi da Accra ke aiki da shi, ana yanka shi da sauƙi a ɗaure da sukuru. Wata robar kuma mai suna HDPE ta fi shi ƙarko amma gam ba ya kama ta sosai. Robar ajiyar kaya mai murfi, irin ta kasuwar Kejetia da ke Kumasi, tana isar jaririn maciji na ɗan lokaci idan an huda ta.

Siffa da girma

Mutane da yawa na zaton tsayi ne komai. A gaskiya faɗi ma yana da muhimmanci, domin mesar bishiya tana wuni a naɗe kan reshe ɗaya, da dare ta yi ta rarrafe daga wannan gefe zuwa wancan. Babbar koriyar mesa, mai tsawon mita 1.5 zuwa 1.8, ana ba ta keji mai faɗin santimita 90 da tsayi 60 da zurfi 60, ko fiye. Ƙofa ta kasance a gaba, domin hannun da ya sauko daga sama kama yake mata da tsuntsu mai farauta, sai ta kai sara. Rassan su yi kaurin jikinta ko ƙasa da haka kaɗan, kuma su zama masu cirewa, a ɗauke ta tare da reshen lokacin shara. Wannan ya fi muhimmanci ga jarirai, waɗanda ƙashin wutsiyarsu ke gocewa idan an fizge su.

Yanayin Ghana

Yawancin shawarwarin da ake samu a intanet an rubuta su ne don ƙasashen sanyi, inda matsalar ita ce riƙe ɗumi. A unguwannin Ghana kamar Aboabo ta Kumasi ko Nima ta Accra lamarin ya sha bamban. Macizan nan suna son zafin digiri 26 zuwa 31, kuma ɗaki mai rufin kwano yakan wuce haka da rana ba tare da wata na'ura ba. Don haka shigar iska ita ce abin dubawa na farko: ramuka a ƙasa ta gefe ɗaya, wasu a sama ta ɗaya gefen. Da damina, kejin da ba ya bushewa yana jawo ciwon numfashi da ruɓewar fata. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, iska na bushewa, saɓa ta maƙale a jikin maciji. Lokacin ne ake yayyafa ruwa a toshe wasu ramukan. Idan an sa abin ɗumamawa, dole a haɗa shi da na'urar daidaita zafi, domin roba tana lanƙwashewa, kuma ɗauke wuta da dawowarta, abin da ake kira dumso, yana lalata kayan lantarki.

Makulli a ƙofar keji wajibi ne, musamman a gidan haya na zango inda yara ke shiga kowane ɗaki. Macizan nan na kiwo duka suna cikin rukuni na biyu na CITES, yarjejeniyar 1973 kan cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, kuma a Ghana Sashen Namun Daji na Hukumar Gandun Daji ne ke ba da takardar izinin shigo da su ko fitar da su.