Ina ungulayen mahautarmu suka tafi?

Duk wanda ya tashi kusa da mahauta ya san yadda safiya take a da. Kafin a gama fiɗa, ungulaye sun jeru a kan rufin kwano da rassan kuka, suna jiran a watso abin da ba a so. Zuwa azahar wurin ya yi fes. Yau a zagayen duba tsafta da nake yi, sai in yi wata guda ban ga ko ɗaya ba. Abin da nake tararwa a bayan kwata shi ne ƙudaje, wari, da karnukan da ba su da mai su.

Ungulu ma'aikaciyar tsafta ce da ba ta karɓar albashi. Cikinta yana narkar da ƙwayoyin cutar da ke jikin mushe, har irin waɗanda ke kashe shanu su kama mutane. Indiya ta ga abin da rashinta ke jawowa. A shekarun 1990 wani maganin dabbobi mai suna diclofenac ya kashe fiye da kashi 90 cikin 100 na ungulayen ƙasar, domin suna cin mushen shanun da aka yi wa allurarsa. Mushe ya yi ta ruɓewa a fili, karnuka suka yawaita, ciwon haukan kare ya ƙaru. Sai a 2006 aka hana ba dabbobi maganin.

Namu ungulayen kuwa da hannunmu muke gamawa da su. Wani ya zuba maganin ƙwari a mushe don kura ko kare, gari ya waye tsuntsaye sun zube a gefensa. Wani kuma da gangan yake yi, don ya sayar da kai da ƙafafu ga masu haɗa tsibbu. A Gini Bisau, a 2020, an tsinci gawar ungulaye sama da 2,000 da aka kashe da guba, da yawansu babu kai. Abin da ya fi ɗaga mini hankali shi ne ungulu ƙwai ɗaya take yi a shekara. In aka kashe uwa, ba ta da mai maye gurbinta nan kusa. Tun 2015 aka sa wannan ƙaramar ungulun tamu ta cikin gari a jerin halittun da suka kai bakin ƙarewa.

Doka ba ta yi shiru ba. Dokar Najeriya ta kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, wadda aka kafa a 1985 aka ƙara mata ƙarfi a 2016, ta hana kamawa, kashewa da cinikin irin waɗannan tsuntsaye, kuma NESREA, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli ta ƙasa, ita ce ke sa ido a kanta. Mai saye da mai sayarwa duk sun taka ta.

Sarkin Pawa, ranka ya daɗe, kai ne idon mahauta: ka hana yaranka jifansu, ka kori duk wanda ya zo da tarko. 'Yan uwa makiyaya, in dabba ta mutu bayan an yi mata allura, a binne ta da zurfi, kada a bar ta a fili, kada kuma a barbaɗa mata guba. Wanda ya ga ungulaye a mace wuri guda, kada ya taɓa su da hannu, ya tsare yara da karnuka, ya sanar da mai unguwa da malamin dabbobi ko ma'aikacin gandun daji a ranar.